Ɗaure bel zai rage kuɗin wutar matatar ruwa? Mu bi lissafin a hankali

Idan ka taɓa bin layi a gidan niƙa, ka san ƙarar da bel ke yi in an cika wa inji masara. Sai ka ji wani siririn kuka, gudun injin ya ragu, warin roba ya tashi, mai niƙa ya tsagaita zuba hatsi har injin ya dawo daidai. Direbobi ma sun san wannan kuka daga fanbel, musamman da sassafe. Abin da ke faruwa shi ne inji yana ba da ƙarfi, amma bel ɗin ya kasa isar da shi duka, ragowar tana zama zafi da ƙara.

Irin wannan bel ɗin yana nan a matatun ruwa, yana haɗa moton lantarki da injinan hura iska, da wasu famfuna, da injinan dama ruwa. A 'yan shekarun nan kamfanonin da ke sayar da bel da masu sayar da na'urorin sa ido a kan injina suna yawan tallata magana ɗaya: ka riƙa lura da lafiyar bel, za ka rage wutar da matata ke sha da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai mun zauna mun bi lissafin da aka gina ta a kai, muka ga an tsallake wani mataki. Wanda bai lura da matakin ba zai iya kashe kuɗi, ya ɗaure bel ɗinsa tamau, ƙarshen wata ya ga takardar wuta ta ƙaru.

Daga ina lambar ta fito?

Dalilin damuwar ba ƙarami ba ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2014 harkar ruwa, daga ɗebo shi zuwa tace shi da rarraba shi da tsabtace wanda aka ɓata, ta sha kusan kashi 4 cikin 100 na lantarkin duniya. A Amurka, hukumar kare muhallinsu ta ce matatun ruwa sukan cinye kashi 30 zuwa 40 na makamashin da hukumar gari ke biya. Duk wanda ya rage ko da ɗan kaɗan ne a nan, ya rage kuɗi masu kauri.

Lambobin da masu talla ke yawo da su galibi daga wata gajeriyar takardar shawara suka fito, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar don masu masana'antu. Takardar ta yi magana a kan bel iri uku. Na farko shi ne bel mai siffar V, wanda John Gates ya ƙirƙiro a 1917, shi ne mai shiga kwarmin fuli ya matse. In sabo ne kuma an ɗaure shi daidai, yana isar da kashi 95 ko fiye na ƙarfin da moto ya ba shi, in kuwa aka bar shi ya saki, yakan sauko wajen 93. Na biyu shi ne mai tsaga-tsaga a ciki, wanda ke shiga fuli ɗaya da na farkon amma ya fi shi da kusan kashi 2. Na uku shi ne mai haƙora, irin taimin bel na mota, wanda ba ya zamewa sam, yana isar da kusan kashi 98.

To, ga yadda ake yin lissafin. Mu ɗauki misali: moto yana jan kilowat 75, yana aiki awa 8,000 a shekara. Ka ga ya sha yunit 600,000 ke nan. In aka tashi daga kashi 93 aka koma 98, sai a ce an tsira da wajen yunit 30,600. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sa wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kusa naira miliyan 6.9 a shekara, daga bel ɗaya tak. Wa zai ƙi?

Lissafin ba shi da kuskure a matsayinsa na lissafi. Amma ya ɗauka cewa injin da ake juyawa zai ci gaba da yin aiki daidai da na da, ba ƙari ba ragi, moto ne kawai zai samu sauƙi. A zahiri ba kasafai hakan ke faruwa da kansa ba.

Ƙofofi biyu da ƙarfi ke zurarewa

Kafin mu je can, ya kamata ka san cewa asarar bel kashi biyu ce, kuma halinsu ya bambanta.

Ta farko asarar lanƙwasa ce. Duk sanda bel ya zagaya fuli, robar tana lanƙwashewa sannan ta miƙe, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ka gwada lanƙwasa waya ka miƙe ta da sauri sau ashirin, za ka ji ta ɗau zafi. Haka roba take yi. Ga kuma gogayyar shiga kwarmin fuli da fitowa. Wannan asara tana ƙaruwa in fulin ƙarami ne, ko bel ɗin mai kauri ne, ko fuli biyun ba su saitu a layi ɗaya ba. Tana cin ƙarfin murɗawar moto kai tsaye. In ka rage ta, misali da bel mai tsaga-tsaga wanda ya fi sauƙin lanƙwashewa, mita za ta nuna ragin nan take. A wannan ɓangaren masu talla sun faɗi gaskiya.

Ta biyu asarar gudu ce. Bel roba ne, ɓangaren da ke ja ya fi ɗauruwa, ɓangaren da ke dawowa ya fi saki, don haka kullum yana ɗan rarrafe a kan fuli. Wannan rarrafen na wajen kashi 1 cikin 100 ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba ne. Ciwon yana farawa ne in bel ya saki ko fuli ya cinye, rarrafe ya koma zamewa sosai. A nan moto yana juyi yadda ya saba, amma injin da ake juyawa ya rage gudu.

Na'urorin sa ido da ake tallatawa, yawancinsu wannan ta biyun suke farauta: bel ya saki, a ɗaure. Kuma a nan ne lissafin miliyan 6.9 yake tuntuɓe.

Me ke faruwa in ka ɗaure bel?

Bari mu auna da lambobi. Moto mai juyi 1,470 a minti, fulinsa milimita 200, fulin injin kuma milimita 400. In babu zamewa, injin zai yi juyi 735. Ka auna ka samu 713. Zamewar ta kai kashi 3 ke nan. Ka ɗaure bel ɗin, ta sauko zuwa kashi 1. Injin ya ƙara gudu da kusan kashi 2 cikin 100.

Yanzu tambayar ita ce, wane irin inji ne?

In mai farfela ne, kamar fankar da ke zuƙe wari ko iska daga ɗaki, akwai ƙa'idar da injiniyoyi suka daɗe da sani. Yawan iskar da yake turawa yana tafiya daidai da gudu, amma ƙarfin da yake buƙata yana tafiya da gudu sau gudu sau gudu. Ƙarin kashi 2 a gudu yana jawo ƙarin wajen kashi 6 a ƙarfin da fankar ke nema. Ka cire kashi 2 da ka ceto daga zamewa, saura 4. Wato mita za ta nuna moto yana shan wuta fiye da da, da kusan kashi 4 cikin 100, alhali iskar da ta ƙaru kashi 2 ce kawai. In kana bukatar ƙarin iskar, to madalla, ka saya da kuɗinka. In kuwa wadda ake samu da ma ta wadatar, gyaran ya ƙara maka kashe kuɗi ne.

Abin mamaki, ita kanta takardar Amurkan ta yi wannan gargaɗi. Ta ce ga fanka da famfo masu farfela, kuɗin aiki zai iya ƙaruwa in aka kawar da zamewa injin ya ƙara gudu, don haka dole a zaɓi girman fuli da la'akari da hakan. Gargaɗin yana nan a rubuce, amma ba kasafai yake bin lambar kashi 5 zuwa takardun talla ba.

In kuma injin mai ɗiban awo ne, labarin ya sake. Misalinsa injin hura iska na Roots, wanda 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a Amurka a 1860, kuma har yau ana amfani da shi sosai a matatu. Shi kamar mai awo da mudu yake, kowane juyi yana ɗibar iska gwargwado ɗaya ya tura. Ƙarfin murɗawar da yake nema ya dogara ne da zurfin ruwan da zai huda, kuma zurfin bai canja ba. Ka ɗaure bel, iska ta ƙaru da kashi 2 ko ɗan fiye, amma wutar da moto ke ja kusan tana nan inda take. An samu riba, ribar iska, sai dai ba za ka gan ta a takardar wuta ba.

Famfon da ke tura ruwa sama zuwa tanki yana da nasa hali. Tunda yana yaƙi da tsayin da ba ya canjawa, ɗan ragin gudu yakan rage ruwan da yake turawa da yawa. In aka gyara bel ɗinsa zai ja wuta fiye da da a kowace awa, amma zai cika tanki da wuri ya tsaya. Nan za a iya samun ragi na gaske, da sharaɗin akwai abin da ke kashe shi in tanki ya cika.

Ka ga inji uku, gyara ɗaya, sakamako uku. Abin da ya haɗa su shi ne ribar kawar da zamewa ba ta zama kuɗi sai wani abu ya mayar da aikin zuwa gwargwadon bukata. Ko dai a rage awoyin aiki, ko a canja girman fuli, ko a samu na'urar da ke rage wa moto gudu da kanta. Matatar da ke da ma'aunin oksijin a cikin ruwa wanda ke sarrafa gudun injin hura iska, ita ce za ta ci ribar kai tsaye, don da zarar iska ta ƙaru na'urar za ta sassauta moto. Matatar da injinta ke gudu ɗaya dare da rana, ba za ta ga komai ba sai ta ƙara wani mataki.

Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne yunit nawa aka sha a kan kowace lita miliyan ta ruwan da aka tace, ko a kan gwargwadon iskar da ake bukata. Duk wanda ya kawo maka rahoton ragi bai nuna maka wannan ba, rahotonsa bai cika ba.

Akwai wata matsala kuma game da lambar 93. Ita matsakaiciya ce da aka ɗauka don misali, ba awon bel ɗinka ba ne. Ka tuna duk abin da bel ya ɓatar zafi yake zama. Kashi 7 na kilowat 75 ya haura kilowat 5, kamar a kunna dutsen guga huɗu ko biyar a cikin murfin bel a bar su dare da rana. Bel ɗin da ke cikin wannan hali yana ɗaukar zafi, gefensa ya yi ƙyalli, ya ƙeƙashe, ya tsage. Ba ya daɗewa a haka. In matata tana da ma'aikata masu lura, mai yiwuwa bel ɗinta yana kusa da 95 ko 96 ne, ka ga ribar da ta rage ta zama wajen rabin abin da aka yi alkawari.

Wace matata ake nufi?

Kalmar matatar ruwa tana rufe abu biyu mabambanta, kuma masu talla sukan haɗe su.

Akwai matatar ruwan ƙazanta, wadda ke karɓar abin da ya fito daga gidaje. Mafi yawansu a manyan biranen duniya suna bin hanyar da Edward Ardern da William Lockett suka bayyana a 1914 a Mancesta ta Ingila: a hura wa ruwa iska domin ƙwayoyin bakteriya su samu oksijin su cinye dattin. Kamar zugazugin maƙeri ne, in aka daina zuga wuta ta mutu. Wannan hura iskar ita kaɗai takan sha rabin wutar matatar ko fiye, kuma ba ta tsayawa. In injinan hura iskar masu bel ne, to lallai bel ɗin yana kan babbar hanyar da kuɗi ke bi, kula da shi yana da ma'ana sosai. Ko a nan ɗin ma, sababbin injinan hura iska masu tsananin gudu da manyan matatu ke komawa gare su ba su da bel sam.

Akwai kuma matatar ruwan sha, wadda ita ce muka fi sani a wajenmu, irin Tamburawa da Challawa a Kano ko Gudel a Yamai. A irin wannan matata, kusan kashi 80 na wuta famfuna ke sha, masu ɗebo ruwa daga kogi da masu tura shi cikin gari. Manyan famfuna irin waɗannan galibi a haɗe suke da motonsu kai tsaye, sanda da sanda, babu bel a tsakani. Inda ake samun bel shi ne a ƙananan injina: mai hura iska don wanke yashin tacewa, kwamfaresa, wasu injinan dama ruwa da alif, da famfon laka.

Mu ɗauki mai wanke yashin. A ce kilowat 30 ne, yana aiki awa ɗaya a rana. A shekara ya sha yunit 11,000 ba kaɗan. In ka ceto kashi 3, ka samu yunit 330, wato abin da moto mai kilowat 75 ke sha a cikin awa huɗu da rabi. Ka kwatanta da babban famfon da farfelarsa ta cinye saboda yashin kogi, ko bututun da ya fashe a ƙarƙashin titi yana zubar da ruwan da aka riga aka biya kuɗin tacewa da turawa. Wani nazari na Bankin Duniya a 2006 ya ƙiyasta cewa ruwan da ke yoyo daga bututu a duniya ya kai kubik mita biliyan 32 a shekara, kusan rabinsa a ƙasashe masu tasowa. Hukumar ruwan da ta fara da sayen na'urar sa ido kan bel alhali ba ta san yawan ruwan da ke ɓacewa a hanya ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

To, a yi watsi da bel ke nan?

A'a. Hujjar kula da shi tana da ƙarfi, sai dai ba ita ake sa wa a gaba ba. Hujjar ita ce abin da ke faruwa ranar da ya tsinke.

Wancan injin mai wanke yashi, ragin wutarsa bai taka kara ya karya ba, amma in bel ɗinsa ya tsinke babu wani a sito, ba a iya wanke yashi yadda ya kamata. Yashi ya toshe, ruwan da ke fita ya ragu ko ya yi gurɓi, kuma ruwa mai gurɓi yana rage wa kulorin ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta. A matatar ƙazanta kuwa, in iska ta tsaya na tsawon lokaci, bakteriyar da ke aikin su galabaita, wari ya tashi, ruwan da bai tsabtatu ba ya gangara kogi inda wasu ke ɗiba a ƙasa. Bel ɗin da kuɗinsa bai kai na buhun alif kaɗan ba zai iya tsayar da aikin da unguwanni suka dogara da shi. Wannan ya ishe mu dalili, ko da ba a ceto yunit ɗaya ba.

Sannan kula da shi ba ya bukatar kayan miliyoyi. Ga abin da masu ƙera bel da kansu ke ba da shawara, kuma makaniken da aka horar zai iya yi:

- A kashe inji, a kulle makunninsa yadda wani ba zai kunna ba, kafin a sa hannu. Bel ya cinye yatsun mutane da yawa.
- A auna ɗaurin. Ana danna tsakiyar bel har ya lotsa milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazarar fuli biyun, a karanta ƙarfin da aka yi amfani da shi a wani ɗan ma'auni mai sifirin, a gwada da jadawalin kamfani. Wata hanyar ita ce a tsinki bel kamar tsirkiyar gurmi, a auna sautin da ya bayar, don sautin yana hawa gwargwadon ɗauri. Akwai ma manhajojin waya da ke yin wannan.
- A sake ɗaure sabon bel bayan kwana ɗaya ko biyu da fara aiki. A wannan lokacin ne yake zama cikin kwarmi ya saki, kuma wannan matakin ne aka fi mantawa.
- A duba saitin fuli da miƙaƙƙen ƙarfe ko zare. Karkatar da ta wuce rabin digiri tana cin bel mai V.
- A duba kwarmin fuli. In ƙasan kwarmin ya yi ƙyalli, bel ya nutse yana hawa ƙasa maimakon ya kama gefe. Sabon bel a tsohon fuli asarar kuɗi ce. A ƙasashenmu ƙurar hunturu tana shiga tsakanin roba da ƙarfe tana aikin samfefa, don haka fuli yana saurin cinyewa.
- In bel uku ko huɗu ke aiki tare, a canja su gaba ɗaya. Sabo a tsakiyar tsofaffi shi kaɗai zai ɗauki kaya.
- Kada a ɓanɓara bel da sukudireba a cusa shi, yana tsinka zaren ciki. Kada kuma a shafa masa wani abu don ya kama.
- A auna juyin fuli biyun da ma'aunin juyi, da zafin bel da ma'aunin zafi mai haske, a rubuta a littafi duk wata.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin sa ido. Na'urar da ke manne a jikin inji tana aika bayanai ta intanet tana da amfani a inda injina suka yi yawa, ko suna nesa, ko kuɗin ma'aikaci ya fi na na'ura tsada, kamar a Turai. Amma aikinta sanarwa ne kawai. In ta yi ƙara babu bel a sito, babu wanda aka ɗora wa alhakin ɗaukar sifana, an sayi ƙararrawa ce mai tsada.

Hattara da wuce gona da iri

Yawan jaddada zamewa yana haifar da wata ɓarna. Makanike ya ji cewa sakakken bel yana cin kuɗi, sai ya ɗaure har ya wuce ƙima. Ƙarin ɗaurin yana sauka ne a kan boris na moto da na inji. Ƙa'idar tsawon ran boris mai ƙwallo ta nuna cewa in ka ƙara masa nauyi da kashi 25, ransa ya ragu kusan rabi, in ka ninka nauyin, saura kashi ɗaya cikin takwas. Ka ceci bel mai araha, ka kashe boris, wani lokaci har da sandar moto. Ɗaurin da ya dace shi ne mafi ƙanƙanta da zai hana zamewa a lokacin da kaya suka fi nauyi.

Bel mai haƙora ma, wanda ake nunawa a matsayin ƙarshen magana, yana da sharuɗɗa. Yana bukatar a canja fuli biyun, ya fi ƙara, kuma ba ya haƙuri da karkata, rubu'in digiri ne iyakarsa. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Bel mai V yana zamewa in inji ya cije ko ya tashi da fizga, wannan zamewar tana kare sauran kayan kamar yadda fis ke kare waya. Mai haƙora ba ya yin haka, ko dai haƙoran su tsallake ko su kakkarye, ko fizgar ta wuce ga inji. A wurin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa sau da yawa a rana, ana komawa janareta ana dawowa, moto yana tashi sau da yawa fiye da na ƙasar da aka rubuta takardar shawarar dominta. In babu na'urar da ke tayar da moto a hankali, sai a yi tunani sau biyu. A mafi yawan lokuta, bel mai tsaga-tsaga a kan fulin da ke da lafiya shi ne canji mafi sauƙi, kuma ribarsa ta rage lanƙwasa ce, irin wadda mita ke gani.

Abin da za ka tambaya

Ko kai injiniya ne a hukumar ruwa, ko ɗalibi mai neman abin bincike, ko ɗan jarida, ko mai biyan kuɗin ruwa da ke son sanin inda kuɗinsa ke tafiya, in aka kawo maka maganar rage wuta ta hanyar bel, ga tambayoyi huɗu. Kashi nawa na wutar matatar ne ke bi ta bel tun farko? An auna zamewar wannan bel ɗin, ko lambar 93 aka aro? Wane irin inji yake juyawa, kuma mene ne zai mayar da gudunsa daidai da bukata bayan gyara? An auna yunit a kan kowace lita miliyan kafin gyara da bayansa?

Mai amsa huɗun nan da lambobin da ya auna a wurin, a saurare shi, mai yiwuwa yana da riba ta gaske a hannu, musamman a injin hura iska mai aiki dare da rana. Ga ɗalibanmu na injiniya kuwa, wannan aiki ne da za a iya yi da ma'aunin juyi, da mita mai maƙalawa a waya, da littafin rubutu, a kowace matata da za ta buɗe muku ƙofa. Wata uku na awo a injina goma zai gaya mana halin bel a zafinmu da ƙurarmu da wutarmu mai yankewa. In kun yi, ku aiko mana da sakamakon, za mu so mu gani.